Rigar Yusufu Da Wayar Hannu

'Yan'uwa, mu da mu ke zaune a Ɗorayi mun san abin da a ke faɗi a kanmu. Mutum ya ce daga Ɗorayi ya ke, sai a tambaye shi labarin 'yan daba da masu ƙwacen waya. Ba mu musun abin, gama akwai shi. Ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare a majemar fata ta Chalawa, ko a kamfanin roba na Sharaɗa, ya kan ɓoye wayarsa cikin safa kafin ya shigo lungu. Abin ya kai har a shekarar 2023 gwamnatin Kano ta ce za a ɗauki ƙwacen waya daidai da fashi da makami.

Amma tambayarmu ta wannan wata dabam ce. Wayar nan da mu ke tsoron a ƙwace mana, mu kanmu me mu ke yi da ita? Wanda ya ga hoto ko labarin laifi a WhatsApp, ya tura wa mutum hamsin bai bincika ba, yana da alhaki ko ba shi da shi? Da yawa su kan ce, "Ai ba ni na ƙaga ba, turowa aka yi na tura."

To, mu tuna da Yusufu. Sau biyu aka yi ƙarya da rigarsa. A cikin Littafin Farawa sura 37, 'yan'uwansa sun tsoma ta cikin jinin bunsuru, suka aika wa ubansu. Ba su sha wahalar tsara dogon labari ba. Yakubu ya dubi riga, ya ga jini, shi da kansa ya yanke cewa naman jeji ya cinye ɗansa. A sura 39 kuma matar Fotifar ta riƙe rigar Yusufu ta nuna wa mijinta, aka jefa marar laifi a kurkuku. Ku lura da kyau: duka biyu rigar tasa ce. Ido bai yi ƙarya ba. Labarin da aka ɗora wa rigar shi ne ƙarya.

Hoton waya rigar Yusufu ne. Yana nuna abin da ya faru cikin minti ɗaya, ba ya nuna abin da ya rigaya, ko abin da ya biyo baya. Wani lokaci ma tsohon hoto ne na wani gari, aka sa masa sunan unguwarmu. Mai turawa kuwa ya zama kamar manzon da ya kai wa Yakubu riga. Ba shi ya yanka bunsurun ba, amma ta hannunsa baƙin cikin ya isa.

Kada mu ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Maris na 2025 waɗansu mafarauta, yawancinsu mutanen Jihar Kano, sun taso daga Fatakwal za su gida yin Salla. A garin Uromi na Jihar Edo aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Taron jama'a ya kashe mutum 16. Bindigogin na gaske ne, kamar yadda rigar ta ke ta gaske. Ba wanda ya tsaya a kai su gaban alƙali. Da hotunan suka iso Kano, dukanmu mun ji tsoro, gama mun san yadda fushi ya kan nemi wanda bai ji ba bai gani ba.

Ga kuma abin da ya same mu a ƙofar gida. A watan Janairu na 2026 aka shiga wani gida a Ɗorayi Chiranci, aka kashe mace da 'ya'yanta shida. Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari ta waya, kowa da irin zatonsa. Mu ma ba mu kuɓuta ba. Zuciyarmu ta tafi wajen baƙin fuska da 'yan daba. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka ba da sanarwa sun kama mutum uku, suka ce ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan matar ne na jini. Hukuncinsu aikin alƙali ne. Namu shi ne mu tambayi kanmu: da a ce daren nan an kama wani baƙon yaro yana wucewa ta lungun, me zatonmu zai jawo masa?

Wani zai ce, "Ashe sai mu yi shiru mugunta ta ci gaba?" A'a. Waya ta yi aikin kirki, ba mu manta ba. Hotunan da mutane suka ɗauka su suka tona zaluncin rundunar SARS, har aka rushe ta a watan Oktoba na 2020. Kukan jama'a a kan yarinya Hanifa, wadda mai makarantarsu ya sace ya kashe a nan Kano, ya hana maganar ta kwanta, kotu kuwa ta yanke hukunci a watan Yuli na 2022. Shaidar gaskiya wajibi ce. Abin da Doka ta Tara ta hana shi ne shaidar zur, kuma Attaura ba ta yarda a hukunta mutum bisa bakin mutum ɗaya ba. Bambancin ke nan: mai shaida yana faɗin abin da ya gani, yana tsayawa a yi masa tambaya. Mai turawa yana faɗin abin da bai gani ba, in an neme shi kuwa ba a samunsa.

Wajen 'yan sanda ma waya ta kan ruɗe mu ta hanya biyu. Mu ga ɗaya yana karɓar kuɗi a bakin hanya, mu ce duka haka su ke, mu daina kai ƙara. Wanda ya ci hanci ya yi zunubi, ya kamata a faɗa. Amma mu tuna ran 20 ga Janairu 2012, sa'ad da aka kai hari hedkwatarsu a Bompai da waɗansu ofisoshinsu, 'yan sanda na cikin waɗanda suka mutu. Su ma suna da mata da 'ya'ya. Ɗan sanda kuma ba boka ba ne. In unguwa ta rufe baki, da me zai kama ɓarawo? Hanya ta biyu ita ce mu ga hoton samari a zaune a ƙasa, wuƙaƙe a gabansu, mu ce shari'a ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda a ke tuhuma marar laifi ne sai kotu ta tabbatar. In kotu ta sallami yaro, hoton yana nan cikin wayoyinmu. Ya je neman aiki a Sharaɗa a gane fuskarsa, ya je neman aure a gane ta. Wa zai biya shi?

Amsarmu ita ce: i, mai turawa yana da alhaki, gwargwadon abin da bai bincika ba. Saboda haka muna ba masu bi shawara huɗu. Na fari, kafin ka tura, ka tambayi kanka ko za ka iya maimaita maganar nan gaban alƙali. In ba za ka iya ba, bari ta mutu a hannunka. Na biyu, kada ka tura hoton gawa. Tana da dangi. Na uku, in ka ga laifi da idonka, ka kai wa mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, ka tafi da dattijo ɗaya na ekklesiya in kana jin tsoro. Na huɗu, in ka tura abu daga baya ka gane ƙarya ne, ka koma wurin duk waɗanda ka tura wa ka gyara, ko da da kunya.

Yakubu ya yi shekara fiye da ashirin yana makokin ɗan da ke da rai. Ubangiji ya tsare hannuwanmu, kada mu zama masu kai riga. Amin.