A Ina Za a Binne Baƙo?

Da daminar 2019 wani magini Kirista, mutumin Togo, ya rasu a ƙauyenmu da ke ƙasar Maraɗi. Shekara huɗu yana aiki a cikinmu, ba shi da dangi a nan. Firist yana nesa, hanya kuma ta ɓaci da ruwa, saboda haka nauyin ya faɗo a kaina, ni katekis. 'Yan'uwansa suka aiko cewa a kawo gawa gida. Da muka tambayi kuɗin mota, sai muka ga ya fi abin da matarsa da 'ya'yansa uku za su ci har kaka. Ga kuma zafi, gawa ba ta jira.

A karkara irin tamu wuraren binnewa huɗu ne: bayan gida kamar yadda wasu kakanni suka yi, gonar iyali, makabartar gari, ko makabartar Kirista a babban birni. Baƙo ba shi da gida, ba shi da gona. Ko mai gona ma, in magada suka raba ko suka sayar, wata rana garma za ta bi ta kan kabarin. Birni kuwa sai mai hali. Ƙidayar 2012 ta nuna mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, don haka yawancin ƙauyuka ba su da hurumi namu. Sauran makabartar gari. To, ta wa ce?

Na je wurin maigari ina fargaba. Dattawa suka yi shawara, wasu suka ƙi, suna cewa ba a haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba wuri ɗaya. Ban ga laifinsu ba, gama suna tsare abin da aka koya musu ne. A ƙarshe aka yanka mana gefe ɗaya, can bayan itacen gawo. Samarin unguwa, Musulmi, su ne suka haƙa kabarin tare da mu, domin mamacin ne ya gina musu bakin rijiya.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan damuwa. Sa'ad da Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim baƙo ne, sai da ya roƙi Hittiyawa, ya biya shekel 400 na azurfa kafin ya sami kogon Makfela (Farawa 23). Ubangijinmu Yesu kansa a kabarin wani aka sa shi, na Yusufu mutumin Arimatiya (Matiyu 27:57-60). Wanda ya ba baƙo wurin kwanciya, aikin Yusufu ya yi.

Wani zai ce, ai Yusufu ɗan Yakubu ya sa a ɗauki ƙasusuwansa daga Masar, don haka son a binne mutum a gida ba laifi ba ne. Gaskiya ne, ba laifi ba ne. Amma Yusufu ya yi haka domin ya gaskata alkawarin Allah game da ƙasar Kan'ana, bai kuwa jefa marayu cikin bashi ba. Monika, mahaifiyar Agustin mai tsarki, ta riga ta shirya kabarinta kusa da mijinta a Afirka ta Arewa. Da ciwon ajali ya kama ta a Ostiya ta Italiya a shekara ta 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, su dai riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ta san Allah ba zai rasa inda take ba ranar tashin matattu.

Yanzu bari in faɗi laifinmu. Bayan shekara biyu wani ɗan'uwa da ya daɗe da barin sujada, shan giya ya cinye shi, ya mutu. Wasu a ikilisiya suka ce kada a sa shi a gefen nan namu, ni ma na yi shiru har rana ta take. Gefen da muka samu da roƙo, mu ne muka so mu hana wani! Mun binne shi a ƙarshe, amma mahaifiyarsa ta ji abin da aka faɗa, har yau ina jin kunyar haɗa ido da ita. Shari'ar ransa tana hannun Allah. Abin da aka ɗora mana shi ne mu rufe jikin da aka halitta cikin kamannin Allah.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu jira sai gawa tana kwance. Kowace ikilisiya ta je wurin maigari da magajin gari tun ana lafiya, ta nemi fili nesa da rijiya, a rubuta a takarda, a dasa itatuwa a iyaka domin kada gonaki su ci shi. Mu kafa asusun likkafani domin marasa hali. Ranar da gari ya fito sharar makabarta, mu fito da fartanyarmu. In kuma maƙwabci Musulmi ya rasu, mu riga kowa zuwa gaisuwa.

Ubangiji ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.