KUNNE ƊAYA KA GAYA WA

Na san wata za ta ce, ina ruwan matar aure da zancen ƙwallo? To, ki yi haƙuri ki biyo ni, domin ƙarshen zancen a tsakar gidanki zai sauka.

Yayana malamin firamare ne a nan Masama, ƙasar Gwandu, kuma shi samari kan ba usur in za su yi wasa, saboda shaidar da aka yi masa ta rashin son kai. Wata ƙaramar Sallah samarinmu suka karɓi baƙuncin na Kalgo. Da aka tafi hutun rabin lokaci, sai kocin baƙin, wanda tare suka yi makaranta, ya matso ya ce, "Malam, ya ka ga yaran nawa?" Shi kuwa Yaya bai kawo komai a ransa ba, ya ce, "Mai lamba tara ɗin nan ya gaji." Ana dawowa koci ya canza yaron, wanda ya shigo kuwa shi ya zura ƙwallo ɗaya tilo da aka tashi da ita.

Kafin magariba gari ya ɗauka wai an saye shi. Matarsa ta je gidan suna, tana shiga mata suka yi tsit. Da dare ya zo wajen Inna ransa a ɓace yana cewa, "To mi na yi? Ai gaskiya na faɗa." Inna ta ce, "Gaskiya ce ɗan nan, amma kunne ɗaya ka gaya wa."

Kada ki ɗauka abin na ƙauye ne kawai. A shekarar 2005 Barcelona ta doke Chelsea da ci 2 da 1, alƙalin wasan kuwa, Anders Frisk ɗan ƙasar Suwidin, ya ba Drogba jan kati. Sai kocin Chelsea, Mourinho, ya yi zargin cewa kocin Barcelona, Rijkaard, ya shiga ɗakin alƙalin lokacin hutu. Hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da Mourinho wasa biyu, amma aikin gama ya gama, don barazanar kisa da aka riƙa aika wa Frisk ta sa ya ajiye usur ɗungurungum. Kin ga, zargin keɓewa kaɗai ya raba mutum da sana'arsa.

Wasu za su ce ai alƙali ba dutse ba ne, in ya yi wa koci magana mai daɗi zuciya kan yi sanyi, rigima ta mutu. Ban musa ba. Sai dai bayani daban, ra'ayi daban. In ya ce, "Na busa ne don yaronka ya taɓa da hannu," a fili, kowa na ji, wannan haƙƙin koci ne. Amma "da ni ne kai da na yi kaza," wannan shawara ce, mai ba ka shawara kuwa ya riga ya shiga ɓangarenka. Tun 2019 doka ta ba alƙali ikon ɗaga wa koci kati. To, ta yaya za ka ɗaga wa wanda kuka gama ƙus-ƙus da shi?

Yanzu mu dawo gida. Ke ma fa alƙaliya ce: tsakanin ɗanki da ɗan kishiya, tsakanin matan 'ya'yanki, tsakanin ƙawaye biyu da suka kawo miki ƙara. Ranar da kika ja ɗaya ɗaki kika ce, "Ni dai na san ke ce da gaskiya," wallahi kin gama zubar da hukuncinki, ko da daidai kika yanke. Magana zarar bunu ce. In abin faɗa ne, tara su duka ki faɗa, in ba zai faɗu gabansu ba, to haɗiye abinki.

Sai da aka shekara biyu kafin samari su sake miƙa wa Yaya usur. Yanzu in an tafi hutu, shi kaɗai yake zama a gindin darbejiya da butarsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.