Idan Kuɗin Gida Bai Kai Bashin da ke Kansa ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana a ɗariƙa, duk mutumin Diffa ya san abin da ya sami manoman tattasai. A 2015 dokar ta-ɓaci ta tsayar da cinikinsa, a 2019 kuma Komadugu ta cika ta ci gidaje da gonaki. Wanda ya jinginar da gidansa don kuɗin taki da man injin ban-ruwa ya wayi gari gidan ya faɗi daraja, bashi kuwa yana nan daram. A ce bashin miliyan 3 ne na sefa, mai sayen gidan kuma bai wuce miliyan 2 ba. Na ga 'yan'uwa biyu da suka daina haɗa gwiwa a wazifa saboda irin wannan. Alhali shari'a ta buɗe musu ƙofar sulhu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya nemi bashinsa wajen Ibnu Abi Hadrad a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Manzon Allah (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi. Ka'abu ya amsa nan take, sai aka umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Kowannensu an ɗora masa nasa nauyi.

Kai da ake bi, kada ka ɓuya, kada ka sayar da gidan a asirce, domin haƙƙin mai jingina yana rataye da shi. Je ka same shi da muƙaddami ko dattijo, ka faɗi gaskiyar abin da aka taya, ka roƙi sassauci. Ka sani ragowar tana wuyanka har sai ya yafe da bakinsa. Abin da kuka daidaita a rubuta, a sa shaidu.

Kai kuma mai bin bashi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarce ka da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi maka alheri. Miliyan ɗayan nan ba za ka same ta da tsanani ba, sai dai ka tona asirin magidanci a gaban iyalinsa.

A kula da mas'ala guda: malamanmu na Malikiyya sun hana rage bashin da wa'adinsa bai yi ba da sharaɗin a gaggauta biya. Idan wa'adi ya cika, ragi halas ne, kyautatawa ce. Don haka a tambayi malami kafin a ƙulla.

Muna neman gafara sau ɗari a lazimin safe, ɗari a na yamma. Mai roƙon Ubangijinsa yafiya haka, ya ji kunyar hana ɗan'uwansa ita.

Allah ya biya wa masu bashi, ya mayar wa masu yafewa da mafificin abin da suka bari, albarkacin Annabi (SAW). Amin.