Haƙƙin Doki A Kan Mai Shi: Tsakanin Yunwa Da Ƙoshi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana abin da ya fi mu ƙarfi, Ya sanya shi amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, ga wata mas'ala da ya kamata mu tsaya a kanta. Mutum biyu ne, kowannensu dokinsa ya mutu a turke. Na farko ya bar nasa da yunwa har haƙarƙarinsa suka fito, ya faɗi bai tashi ba. Na biyu kuwa hatsi ya riƙa tula wa nasa safe da yamma, har wata rana cikinsa ya ƙulle, ya yi ta birgima ya mutu. A al'adarmu na farko za a zarga, na biyu kuma a je a yi masa jaje, a ce ai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. To shin a ma'aunin shari'a ma haka abin yake? Shin wanda ya cutar da dabba da ƙoshi ya kuɓuta, don kawai ya kashe dukiya a kanta?

Doki yana da matsayi babba a Musulunci. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi rantsuwa da dawaki a farkon Suratul Adiyat, Ya ambace su cikin ni'imominSa a Suratun Nahli. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah (S.A.W.) yana share fuskar dokinsa da mayafinsa, da aka tambaye shi sai ya bayyana cewa an yi masa faɗa ne a daren a kan sha'anin dawaki. A ƙasarmu ma doki shi ne ƙarfin sarauta a da, a Damagaram da Katsinar Maraɗi da Gobir, kuma har yau shi ne adon hawan salla da na sukuwa. Amma a cikin hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, Annabi (S.A.W.) ya kasa masu dawaki kashi uku. Akwai wanda dokinsa lada ne gare shi, shi ne wanda ya ɗaure shi saboda Allah. Akwai wanda dokinsa sutura ne, shi ne wanda ya ɗaure shi don wadatar kai, bai kuma manta da haƙƙin Allah a cikinsa ba. Akwai kuma wanda dokinsa zunubi ne, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba da Musulmi. A riƙe wannan kaso, domin za mu buƙace shi a gaba.

Game da yunwa, malamai ba su bar wata shakka ba. Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. Haka ma idan yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Izzuddini ɗan Abdussalami ya ƙara da cewa ciyarwar ba ta faɗuwa ko da dabbar ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a sake amfana da ita. Abu Dawuda kuma ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi (S.A.W.) a gonar wani mutumin Madina, Annabi ya kira mai shi ya tsoratar da shi Allah, ya gaya masa raƙumin ya kai ƙararsa a kan yunwa da wahalarwa. Wannan kowa ya san shi. Abin da ya ɓuya ga da yawa daga cikinmu shi ne ɗaya ƙofar.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya halicci doki da tumbi ƙarami, wanda bai ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15, duk da girman jikinsa. Ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya shiga cikinsa babu hanyar komowa. In aka sake shi a daji yakan shafe awa 14 zuwa 16 kullum yana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan. Ciyawar nan a babban hanji take narkewa, inda Allah Ya zuba wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa masa ita. To idan aka zuba masa hatsi ko dawa mai yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sai ragowar ta gangara babban hanji ta yi tsami, ta kashe waɗancan halittu masu amfani, iska ta taru, guba ta shiga jini. Daga nan ciwon ciki ke tasowa: doki ya riƙa tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen kuiɓinsa, yana gumi, yana kwanciya yana tashi. Wani kuma bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ciwon ya sauka a kofato, kofaton ya yi zafi, naman da ke riƙe ƙashi a cikinsa ya kumbura, doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina a kan na baya, ya ƙi takawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi daga wannan ba su komawa daidai har abada.

Larabawa sun san waɗannan tun da daɗewa, har suka ba kowanne suna. Lalacewar cikin doki saboda yawan sha'ir suna kiranta hamar. Ciwon cikin da ke kama dabba idan ta ci ƙasa tare da ganye suna kiransa magal, kuma wannan mu ya fi shafa, mu da ƙasarmu rairayi ce: duk wanda ke zuba wa doki harawa ko dusa a kan yashi, to yana tara masa yashi a hanji, sannu sannu har ranar da zai toshe.

Ita ma dusa, wadda muke gani abincin kirki, tana da tata illar in ta zama ita kaɗai. Tana da sinadarin fosfor da yawa, kalsiyom kuwa kaɗan, sai jiki ya koma yana zarar kalsiyom daga ƙashi. Bayan watanni ƙasusuwan fuska su kumbura, doki ya riƙa ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan, duƙushi kuwa ya tashi da ƙafafu marasa ƙwari. Maganin yana cikin gonakinmu, domin harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyom ɗin da dusa ta rasa. Akwai kuma ciwon da ke zuwa da hawan salla. Doki ya yi kwanaki a turke ba ya motsi, ana ba shi hatsi kamar mai aiki, ranar hawa a ɗaura masa sirdi a zabure shi. Ba a yi nisa ba sai naman cinyoyinsa ya ƙage, gumi ya karyo masa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi mai kauri. Wanda ya ci gaba da dukansa a wannan hali yana iya kashe masa ƙoda. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sunna ma ta nuna mana cewa shirya doki ilimi ne. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa ya taƙaita musu zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Horon da ake nufi, kamar yadda masu sharhi suka bayyana, shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙarfi, sannan a rage masa abinci zuwa gwargwadon buƙata, a rufe shi ya yi gumi har kitse ya zube. Ashe a wurin magabata dokin tsere mai ɗamammen ciki ne, kuma ba a ɗora wa wanda bai shirya ba zangon wanda ya shirya.

Saboda haka ga abin da ya wajaba mai doki ya kiyaye. Ciyawa ita ce asali, hatsi ƙari ne gwargwadon aiki. Dokin da nauyinsa ya kai kilo 350 yana buƙatar kilo 5 zuwa 7 na busasshiyar ciyawa da harawa kullum, irin su harkiya da gadagi da ingirici mai kyau. Hatsi kada ya wuce rabin tiya a ci ɗaya, a raba shi sau biyu ko uku, ranar hutu kuma a rage shi sosai. Ruwa mai tsabta lita 25 zuwa 40, da bazara fiye da haka, tare da gishiri da zai lasa. A zuba abinci a kwami ko a kan shimfiɗa. Duk sauyin abinci, har da fita daga busasshiyar ciyawa zuwa ɗanya a farkon damina, a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. A nisanta shi da abin da ya yi fumfuna, da gyauron dawa mai guba, da leda. Tsohon dokin da ke zubar da abinci daga baki a duba masa haƙora. In ciwon ciki ya kama shi a janye abinci a nemi likitan dabbobi, kada a ɗura masa kanwa ko mai ta hanci, domin yana iya wucewa huhu.

Yanzu sai mu koma ga mas'alarmu. Wani zai ce ai ayyuka da niyya suke, mai tula hatsi kuwa alheri ya nufa. Amsa ita ce niyya tana gyara aikin da ya dace, amma ba ta ɗauke wa mutum wajabcin sani. Yaranmu na makarantar allo da na madarasa suna karantawa a Ahalari cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya kuma tambayi masana. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to ramuwa na kansa. Wanda bai taɓa jin wannan bayani ba, ya yi abin da ya tarar ana yi, muna yi masa fatan afuwa, domin kuskure ba ɗaya yake da ganganci ba, kuma laifinsa bai kai na mai yunwatarwa da sani ba. Amma wanda aka gaya wa, ko yana da halin tambaya ya ƙi, ba shi da hanzari. Doki ɗaure yake, ba ya zaɓen abin da zai ci, ba ya kuma iya cewa ya isa. Duk wanda ka hana wa zaɓi, to zaɓinsa ya koma wuyanka.

Sannan ita niyyar ma a bincike ta. Don wa ake tula hatsin? In don lafiyar doki ne, ga shi an ji cewa cuta ce gare shi. In kuwa don a ga ƙugunsa yana ƙyalli ne a ce dokin wane ya fi na wane, to mai shi ya duba kada ya faɗa kashi na uku na hadisin Abu Huraira. Kyautatawa ana auna ta ne da buƙatar wanda aka yi wa, abin da ya wuce buƙata kuwa sunansa israfi, kuma Allah Ya gaya mana a Suratul A'araf cewa ba Ya son masu israfi. Ku yi lissafi: tiya guda kullum, a shekara ta haura buhu 9 na kilo 100, abin da zai ciyar da mutum uku shekara guda har da saura. A ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, wadda kuma kowace shekara akwai gidajen da rumbunsu ke ƙarewa kafin kaka, zuba wa doki hatsin da ya wuce buƙatarsa zalunci biyu ne a haɗe: an cuci dabbar da abin da aka ba ta, an cuci maƙwabci da abin da aka hana shi. Wannan kuma ba hujja ba ce ta a yunwatar da doki da sunan sadaka. Wanda ba zai iya haɗa haƙƙin iyalinsa da na dokinsa ba, hukuncin Shehu Halilu ya riga ya nuna masa mafita, ya sayar wa wanda zai iya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri cewa Annabi (S.A.W.) ya buga wa sahabbansa misalin dukiya da ciyawar damina. Ya nuna cewa a cikin abin da ruwa ke tsirarwa akwai mai kashe dabba da kumburin ciki ko ya kai ta bakin mutuwa, in ban da dabbar da ke ci har ta ƙoshi, sannan ta tsaya ta fuskanci rana, ta fitar da abin da ke cikinta, kana ta koma kiwo. Ciyawar halal ce, ni'ima ce, amma ta halaka wadda ba ta san tsayawa ba. Wanda ya koyi auna wa dokinsa abinci saboda Allah, da sannu zai koyi auna wa kansa, da ƴaƴansa waɗanda su ma ana lalata su da yawan bayarwa kamar yadda ake lalata su da hanawa.

Muna kira ga sarakunanmu da shamakansu, da masu dawakin sukuwa, da duk wanda ke da dabba a turke, su ji tsoron Allah a kan waɗannan bayin Allah da ba su magana, su nemi sani wurin likitocin dabbobi da dattawan da suka san kiwo. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya gafarta mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya ba ƙasarmu damina mai albarka.