Mai Karanta Labarai: Ya Faɗa Ko Ya Yi Shiru?

A Upper Iweka, mahaɗar Onitsha inda manyan motocin fasinja suke lodi dare da rana, Bahaushe mai shayi ya san cewa labari ba ya tsayawa inda aka karanta shi. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 aka ƙone majami'u aka kashe Kirista a Maiduguri. Bayan 'yan kwanaki ramuwa ta faɗa kan Hausawan Onitsha, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Waɗansu suka fake a barikin soja, waɗansu suka haye gada zuwa Asaba.

To, ga tambaya: wakilin talabijin da ya ga gawa da idonsa, da wanda zai zauna ya karanta labaran ƙarfe tara na dare, su faɗa ne ko su yi shiru?

Akwai masu cewa shiru ya fi, gama rai ya fi labari. Hujjarsu tana da nauyi. Amma shirun ɗan jarida ba ya rufe bakin tasha. Inda babu sahihin bayani, jita-jita ce take hawa mota, kafin ta sauka kuwa mutum goma sun zama ɗari. Wanda ya ɓoye yau, ba mai gaskata shi gobe, ko da zai ce ƙura ta lafa.

Duk da haka, faɗar gaskiya ba izinin zuba mai a wuta ba ne. Wanda ya nuna gawa amma ya manta maƙwabcin da ya ɓoye baƙo a ɗakinsa, ko ya ɗora laifin 'yan tsiraru a kan kabila dungum, shaidar zur ya yi, ko da kowace kalmarsa daidai ce.

Cikakkiyar gaskiya tana da tsada. Enenche Akogwu, wakilin Channels a Kano, ɗan jihar Binuwai ne. Ranar 20 ga Janairu 2012, sa'ad da bama-bamai suka tashi a birnin, ya fita ya ji daga bakin shaidu, aka harbe shi har lahira.

'Yan'uwa, yau duk mai waya ya zama wakili. Kafin ka tura hoto, ka tabbatar da shi, ka kuma tuna da mai shayin Upper Iweka. Allah ya tsare harsunanmu.