Shugabancin Mata A Kamfanonin Gini

Jama'a, sau da yawa kamfanin gini yakan ɗauki mace mai ilmin zanen gine-gine aiki, ta yi shekara da shekaru tana fid da taswira, amma in an zo naɗa shugaba sai a tsallake ta, wai magina ba za su bi umarnin mace ba. Shin wannan adalci ne?

Shugabanci amana ne, amana kuwa mai iyawa da gaskiya ake danƙa wa. A shekarar 2018 aka kammala sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar. Mata biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, su ne suka zana shi, suka kuma mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Magina maza suka aza tubali bisa zanensu har gini ya tashi.

Ashe ke nan ƙin bin mace a wurin gini al'ada ce kawai, al'ada kuwa tana sākewa. Mai kamfanin da ya fake da ita ya tauye hakkin ma'aikaciyarsa, ya kuma cuci mai ginin da aka hana wa gwana. Allah ya kiyashe mu da zalunci, amin.