KWALBA MARAR SUNA: DARASI GA IKKILISIYA DAGA MASU ƊANƊANA RUWAN INABI

Karatu: Yohanna 2:1-11

A ranar 24 ga Mayu, 1976, wani Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier, wanda yake da kantin sayar da ruwan inabi a birnin Paris, ya gayyaci Faransawa tara zuwa wani babban otel domin su zama alƙalai. Dukansu gwanaye ne waɗanda ƙasar Faransa take ji da su wajen sanin ruwan inabi. Aka jera musu iri 20, fari 10 da ja 10. A kowane kashi, huɗu sun fito daga tsofaffin gidajen Faransa, shida kuma daga jihar Kalifoniya ta Amurka. Aka ɓoye sunayen duka, ba wanda ya san abin da ke cikin kofinsa. Aikin alƙali shi ne ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana, sa'an nan ya ba da maki daga cikin 20.

A wancan zamani ba a haɗa ruwan inabin Faransa da na kowace ƙasa. Tun shekarar 1855 aka rubuta manyan gidajen yankin Bordeaux bisa ga darajarsu, kuma mai saye yakan dubi suna ya biya kuɗi ba gardama. Shi kansa Spurrier yana tsammani Faransa ce za ta ci. Amma da aka tara maki, sai ga shi Kalifoniya ce ta ɗaya a fari, ita ce kuma ta ɗaya a ja.

SU WANE NE WAƊANNAN BAƘI?

Jan da ya zo na ɗaya ya fito daga gidan Stag's Leap Wine Cellars. Wanda ya kafa shi, Warren Winiarski, malami ne a Jami'ar Chicago. A 1964 ya bar koyarwa, ya kwashi iyalinsa zuwa kwarin Napa, ya zama ɗan koyo a gonakin waɗansu. Sai a 1970 ya sayi tasa gonar ya dasa inabi. Abin da ya ci gasar na girbin 1973 ne, lokacin da itatuwan ba su wuce shekara uku ba. Da wannan ya sha gaban gidaje irin su Mouton-Rothschild da Haut-Brion, waɗanda sunansu ya daɗe a bakin sarakuna.

Farin kuwa na gidan Chateau Montelena ne, wanda wani lauya mai suna Jim Barrett ya farfaɗo da shi a 1972 bayan ya daɗe a yashe. Gwanin da ya haɗa shi, Mike Grgich, ɗan ƙauye ne daga Kuroshiya, auta cikin 'ya'ya 11, wanda ya iso Napa a 1958 da ɗan akwatinsa guda.

Ɗan jarida ɗaya tak ya halarci taron, George Taber na mujallar Time. Shi ne ya ba da labarin yadda waɗansu alƙalan suka yi ta yabon ruwan inabin Kalifoniya suna zato na ƙasarsu ne. Da aka bayyana sunaye, ɗaya daga cikinsu, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Harshenta ya riga ya yi shaida, amma zuciyarta ta ƙi yarda da shaidar da zarar ta ji inda abin ya fito.

GARGAƊI KAFIN DARASI

Kada mai karatu ya ɗauka ana kiransa zuwa ga shaye-shaye. Karin Magana 20:1 da Afisawa 5:18 sun yi kashedi a fili game da buguwa, kuma gidajen da giya ta rushe sun isa shaida. Ubangiji Yesu ya ɗauki misali daga mugun alƙali da kuma wakili marar gaskiya, bai kuwa yabi muguntarsu ba. Haka nan abin da ake nema a wannan labari shi ne yadda suna yake makantar da hukunci.

UBAN BIKI A KANA

Tun kafin taron Paris da kusan shekara 2,000, an yi irin wannan ɗanɗano a Kana ta Galili. Ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar biki, abin kunya ne babba ga ango da danginsa. Yesu ya sa barori su cika randuna shida na dutse da ruwa, kowace tana cin galan 20 zuwa 30, ya kuma umarta a ɗiba a kai wa uban biki. Yohanna ya kula ya rubuta cewa mutumin nan bai san asalin abin da aka miƙa masa ba. Barori ne kaɗai suka sani. Ya ɗanɗana, ya kira ango, ya shaida cewa wannan na ƙarshe ya fi na fari kyau.

Da an fara gaya masa cewa daga randunan wanke hannu aka ɗebo shi, bisa ga umarnin ɗan masassaƙi daga Nazarat, wa ya san abin da zai ce? A sura ta fari ta wannan Bishara, Nata'ala ya riga ya nuna irin ƙimar da Nazarat take da ita a idon mutane, ya yi shakka ko wani abin kirki zai iya fitowa daga can. Filibus bai tsaya jayayya da shi ba, ya gayyace shi ya zo ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Kafin surar ta ƙare, Nata'ala ya shaida Yesu Ɗan Allah ne.

Ko annabi bai tsira daga wannan rauni ba. Sa'ad da Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami, tsayin Eliyab da kwarjininsa suka ɗauke masa hankali, har Ubangiji ya tsauta masa cewa duban mutum yana tsayawa a waje, na Allah kuwa yana kai wa zuciya (1 Sama'ila 16). Wanda aka zaɓa yana can jeji da tumaki, ba a ma kira shi cikin jeri ba.

SUNAYEN DA IKKILISIYA TAKE MANNA WA MUTANE

A nan ne maganar ta iso ƙofar majami'a. Lokacin zaɓen dattawa ya yi, sai tambaya ta fari ta zama, ɗan wace kabila ne, daga wane gari? Majalisa ta aiko da sabon fasto, tun bai hau bagade ba waɗansu sun gama yanke masa hukunci domin ba ya jin yarensu. Saurayi mai tsoron Allah ya zo neman aure, iyaye masu bi suka hana domin kakansa bawa ne ko maƙeri. Sabon tuba ya shekara goma yana share majami'a da aminci, har yanzu ana kiransa baƙo. Attajiri kuwa ya shigo jiya, yau an ba shi kujerar gaba, abin da Yakubu ya kira zunubi a sura ta biyu ta wasiƙarsa.

Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Ikkilisiya takan rasa ma'aikatan da Allah ya aiko mata, matasa su yi sanyi su koma wani wuri, gunduma ta rabe biyu a kan kujera. Waɗanda suke waje kuma su ga cewa bangon da gicciye ya rushe an sake gina shi da hannun masu bi.

Littafi Mai Tsarki ya ba da nasa ma'auni. A 1 Timoti 3 manzo Bulus ya lissafta abin da za a nema ga shugaba: marar abin zargi, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, wanda ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba, mai riƙon gidansa da kyau. Ya kuma ce a gwada masu hidima tukuna kafin a ba su aiki. Babu kabila a cikin jerin, babu sunan gida. A Ayyukan Manzanni 6, da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi kukan ana yi wa gwaurayensu wariya wajen rabon abinci, taron ya zaɓi mutum bakwai bisa ga shaidar kirki, da cikar Ruhu, da hikima. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, ɗayansu ma ba haifaffen Bayahude ba ne. Bayan wannan ne Maganar Allah ta ƙara haɓaka a Urushalima.

GWAJI ƊAYA GA KOWA

Akwai wani gefe da bai kamata a manta ba. A Paris, jan ruwan inabin Mouton-Rothschild ya zo na biyu da tazara kaɗan. Tsohon suna bai zama banza ba, an dai sa shi ya zauna a teburi ɗaya da sabo. Haka ɗan fasto ko jikan mai bishara na fari ba abin ƙi ba ne saboda gidansa, gidan kuma ba zai tsaya masa a madadin hali ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Yesu ya koyar cewa da 'ya'ya ake gane itace, kuma Galatiyawa 5 ta faɗi irin 'ya'yan da Ruhu yake bayarwa.

Saboda haka, duk mai bi da zai ɗaga hannu a zaɓe, ko zai amsa wa mai neman 'yarsa, ya tambayi kansa a gaban Allah: da an rufe sunan mutumin nan da garinsu, aka bar halinsa da aikinsa kaɗai, wane maki zai samu? In amsar ta bambanta da abin da yake shirin yi, to, yana neman a mayar masa da takardar makinsa ke nan, sai ya tuba tun da sauran lokaci. Gama rana tana zuwa da kowa zai tsaya gaban kursiyin shari'a na Almasihu, inda ba za a tambayi kabila ko muƙami ba.

Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa ido mai gaskiya da zuciya marar tara, ta karɓi kowane bawa da ya aiko mata, daga ko'ina ya fito. Amin.